Sun Tafi Fiji, Sun Bar Ta da Kare

Ni ba mai leƙen gidan mutane ba ce, kowa a cocinmu zai shaide ni. Amma shingen da ya raba gidana da na Netani a nan garin Logan, nesa da ƙasarmu Fiji, na katako ne, ko ƙirjina bai kai ba, kuma Allah bai halicce ni kurma ba. Abin da na gani a hutun makaranta na watan Afrilun bana ya tsaya mini a wuya, na haɗiye ya ƙi wucewa. To gara in faɗe shi, wanda zai ji haushi ya ji.

Torika ita ce mahaifiyar Netani. Shi yana ce mata Nana, wato uwa, jikokinta biyu suna ce mata Bubu, wato kaka, ni kuwa ƙawata ce tun ranar da ya ɗauko ta daga Fiji ya ajiye ta a garejin da aka mayar ɗaki. Ita ke tashin yara, ta shirya musu abincin makaranta, ta raka su, ta ɗauko su, ta dafa na dare, ta wanke, ta goge. Netani yana tuƙa babbar motar kayan gini, matarsa Lanieta tana aikin jinya. Ba malalata ba ne, wannan kam ba zan yi musu ƙazafi ba. Sai dai duk ranar da ka ga sun fita aiki hankali kwance, to a kan ƙafafun tsohuwar nan suka fita.

Can ƙauyensu, a saman kogin Sigatoka, Torika tana da yaya ɗaya tal da ta rage mata a duniya, sunanta Unaisi. Ita ta goya ta bayan rasuwar uwarsu. Sunanta aka sa wa babbar 'yar Netani, amma har yarinyar ta kai aji huɗu takwarorin nan ba su taɓa sa juna a ido ba.

A ƙauyen ba a samun waya sai an hau tudun bayan coci, kuma Miliana, 'yar Unaisi, ita ke hawa. A ƙarshen Fabrairu ta hau ta kira. Ciwon suga ya ci ƙafar uwarta, asibiti sun sallame ta, sun ce a koma gida a ci gaba da kula da ita. Duk wanda ya taɓa jinya ya san abin da wannan maganar take nufi.

Ina shanya na ga Torika ta doso shinge, hannunta duk kumfar sabulu.

"Akosita, ta ce in zo. Ta ce in taho mata da takwararta ta shafa kanta."

"To me kike jira? Ki gaya wa ɗanki mana."

"Na gaya masa. Ya ce in bari a yi hutu. Yanzu in na tafi wa zai kai yara makaranta?"

Kun ji tarkon da take ciki. In ana makaranta ba ta da hali, don ita ce mai kai yara. In an yi hutu ba ta da hali, don yara suna gida. Lokaci ɗaya ne kawai hannunta ke saki, wato in sun kwashi yaran sun yi tafiya. Shi ya sa ta ƙwallafa ranta a kan hutun Afrilu.

Ranar Lahadi bayan coci suka gayyace ni cin abinci. Torika ta dafa gwaza da rogo da kifi cikin madarar kwakwa, tun da safe take tsaye. Ba a ma gama cewa amin ba Lanieta ta jawo wayarta ta jingina da kwalbar yaji.

"To jama'a, hutu ya matso. Ina za mu bana? Kowa ya kawo shawara."

"Japan!" in ji ƙaramin, Isoa. "Inda jirgin ƙasa ke gudu kamar harsashi!"

"Kai da ko shinkafa ba ka ci sai an yi dambe? Zauna mana," in ji Lanieta.

"Bali fa?" in ji Netani, bakinsa cike da rogo.

"Bali kuma? Ba can muka je bara ka tare a bayan gida ba? Mu muna bakin teku, kai kana rungume da bokiti."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Aka ce New Zealand, Lanieta ta ce sanyi ya fara a can, ita ba za ta biya kuɗi ta je ta yi rawar ɗari ba. Aka ce jirgin ruwan nan mai yawo tsibiri-tsibiri, Netani ya ce ai matarsa ko a kwale-kwalen wasan yara amai take. Aka ce Vanuatu, aka ce Thailand. Suna ta jan hotuna da yatsa, wannan otal ya fi wancan wurin wanka, wancan ya fi wannan abinci. Torika tana tsaye da ludayi tana ƙara wa kowa miya.

"Ku je Fiji mana," ta ce a hankali. "Ku je da ni."

Netani ya goge baki.

"Nana, maganar hutu muke yi, ba maganar Fiji ba."

"Yayata ba ta da lafiya, ɗana."

"Na sani. Ai ina aika musu abin magani. Ki bari sai Kirsimeti, hutun ya fi tsawo, sai mu je gaba ɗaya mu yi abin yadda ya kamata."

Na ce, "Kirsimetin nan, da ita ka yi alkawari ko da ciwon?"

Ya yi dariya ya nuna ni da cokali, ya kira ni Nei, wato gwaggo. "Nei Akosita ke nan! Baki kamar reza. Ƙara kifi don Allah."

Na san abin da yake gudu, ai ni ma 'yar can ce. Mu ba ma shiga ƙauye hannu rabbana, balle wanda ya daɗe a waje, balle kuma mai yaran da dangi ba su taɓa ganin fuskarsu ba. Sai ka riƙo saiwar yangona ta gaisuwar dattawa, ka jero garwar kananzir da turamen yadi da buhunan fulawa da sukari, a zauna a tabarma a yi jawabi, a shiga gida-gida. Kafin ka miƙe, kawu ya tuna maka injin kwale-kwalensa ya mutu, fasto ya nuna maka rufin coci yana yoyo. Nauyi ne, ban ce ba nauyi ba ne. Amma ba wanda ya ce masa lallai sai ya je. Tsohuwa kawai zai sa a jirgi.

Cikin watan Maris Torika ta canza. Ta jiyo su ta tagar kicin suna ambaton Nadi, garin da jirgi ke sauka a Fiji, suna rage murya in ta shigo, sai ta ɗauka sun sauko ne, suna so su ba ta mamaki. Allah sarki! Har waƙar coci na riƙa jin tana yi a wurin shanya. Duk ranar da na shiga kasuwa sai ta bi ni, ta sayi rigar barci mai laushi, ta sayi man zafi, ta sayi biskit marar suga, ta sayi ɗan tawul. Ta jawo tsohon akwatinta daga ƙarƙashin gado tana jerawa. Ta koya wa ƙaramar Unaisi yadda ake durƙusawa a tafa hannu a gaban manya, yarinya tana yi tana ƙyalƙyala dariya.

Ana saura 'yan kwanaki a ba da hutu, ina ɗakinta ina taya ta ninke kaya, sai ga Lanieta ta leƙo.

"Nana, ki ara mana akwatin nan naki, namu zif ɗinsa ya lalace." Ta ga kayan da ke ciki ta yi turus. "A'a, wannan kayan fa?"

"Na Unaisi ne. Ai na ji kuna maganar Nadi."

Lanieta ta rasa inda za ta sa idonta. Ta juya ta ƙwala wa mijinta kira. Ya shigo yana sosa ƙeya, ya zauna a bakin gado kusa da uwarsa, ya kama hannunta. Na rantse da na san abin da zai fito daga bakinsa da na fita tun kafin ya buɗe shi.

"Nana, ki fahimce ni. Fiji za mu, gaskiya ne, amma otal za mu, bakin teku. Shekara guda ina kan sitiyari, bayana kamar zai balle. Mako ɗaya kacal nake so in kwanta a inda ba wanda ya san sunan ubana. In kika bi mu, kafin mu fito daga filin jirgi ƙauye ya ji. Shi ke nan hutu ya ƙare, sai zaman tabarma da jawabi da kawo-kawo. Yaran nan ko ruwan teku ba za su taɓa ba."

Na ce, "To duk faɗin duniya, me ya sa sai Fiji?"

Lanieta ta ce, "An yi rangwame ne, Nei. Yara kyauta suke kwana, ga masu reno a otal ɗin, kuma kusa ne."

"Kusa ne! Ashe kun san kusa ne. To ku sa ta a jirgi ɗaya da ku, in kun sauka ku yi hannun dama ita ta yi hannun hagu. Ta hau bas ta tafi wurin 'yar'uwarta."

"Wa zai kula da Biskit?" in ji Netani.

Biskit karensu ne, wani ɗan guntun abu mai gashi kamar tsumman goge ƙasa.

Na ce, "Ni zan kula da shi."

"Ba ya cin abinci a hannun baƙo."

"Zai ci in yunwa ta kama shi."

"Ga hawan jinin Nana, likita bai ce ta hau jirgi ba."

"Likita ya ce kada ta hau?"

"Kuma lokacin hutu ɓarayi sun fi shiga gidan da ba kowa. Nei, don Allah ki bar mu mu yi maganar gidanmu."

Da ya ga Torika ba ta musa masa ba sai ya ɗauka ya ci nasara, ya ƙara da wadda ta fi ci mini rai.

"Abu ɗaya kawai, Nana. In Miliana ta kira, kada ki ce mata muna ƙasar. Kirsimeti, na yi miki alkawari."

Ta zare hannunta daga nasa. Ta sunkuya ta fara kwashe kayan daga akwatin da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa a kan gado. Da ta gama ta kakkaɓe cikinsa ta rufe ta miƙa wa Lanieta, ta ce ta lura, tayarsa ɗaya tana ɗan cijewa.

Bayan sun fita na ce mata zan kai maganar ƙungiyar matan coci, kafin Lahadi mun haɗa mata abin jirgi. Ta riƙe mini zane.

"Ki rufa mini asiri, Akosita. A ce a coci Netani ya kasa kai uwarsa gida? Ina zai sa kansa?"

"Shi ina ya sa naki?"

"Ɗana ne," ta ce. Haushi ya sa na fita ban yi mata sallama ba.

Suka tafi ranar da aka ba da hutu, yara sanye da hulunan rana tun daga cikin gida. Ƙaramar Unaisi ce kaɗai ta dawo da gudu ta rungume kakarta, ta ce za ta kawo mata katantanwar teku.

Tun daga ranar Torika ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta wanke labulen da ba su yi datti ba. Ta share tsakar gida, iska ta zubo ganye, ta sake sharewa. Ta ɗaura wa kare igiya su zaga unguwa, su dawo, ta sha ruwa, su sake fita, har karen ya riƙa ɓuya a ƙarƙashin kujera in ya ga ta ɗauko igiyar. Wayarta kullum tana cikin rigarta a ƙirji. In ta yi ƙara sai ta zabura kamar an ɗana mata wuta, ta duba, sai ta ga hoto ne daga otal. Ga yara da fure a kunne. Ga Lanieta kwance ana yi mata tausa. Ga Netani da ɗanyar kwakwa a hannu yana washe baki.

A wannan hoton na kwakwa akwai duwatsu can nesa a bayansa. Torika ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton, ta ture fuskar ɗanta gefe, ta yi ta buɗawa har duwatsun suka dushe.

"Akosita, dubi. Bayan wancan mai tsinin ne. In ka bi kogi, kafin rana ta take ka isa."

Na ce ta ajiye wayar ta ci abinci. Ta ci loma biyu ta ture.

Ranar Talata da hantsi muna zaune a barandata sai Miliana ta kira. Na ce a raina shi ke nan. Amma da Torika ta ɗauka sai muka ji dariya, Miliana tana haki saboda hawan tudu, murya har tana rawa don murna.

"Nana Torika! Ashe haka za ki yi mana? Kin shigo ƙasa kin ɓuya a otal kamar Baturiya! To asirinku ya tonu!"

Ga yadda aka yi. Cikin masu renon yara a otal ɗin akwai wata matar ɗan ƙauyensu. Aka ba ta yaran Netani. Ta tambayi yarinya sunanta, ta ce Unaisi. Ta ce sunan wa aka sa miki? Yarinya ta ce na yayar Bubu Torika. Matar ta dafe ƙirji, ta ruga ta sami Lanieta a bakin ruwa, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ina Nana Torika? Wai Netani yana zaton zai shiga Fiji da 'ya mai sunan gida a ce ba wanda zai gane shi! Ƙasar da in ka yi atishawa a Nadi za a ce maka sannu a Suva. Ita kuwa Lanieta kunya ta rufe ta. Wace 'yar Fiji ce za ta buɗe baki ta ce mun baro tsohuwa tana gadin kare? Sai ta ce tana ɗaki tana hutawa, tafiya ta gajiyar da ita. Kafin rana ta faɗi labari ya haura kogi.

Mutanen ƙauye kuwa fassara ɗaya ce ta zo musu, don ba su san wata ba. Suka ce ai Netani ya kawo uwarsa da 'ya'yansa ne, ya sauka a otal yana haɗa kayan gaisuwa, zai shigo yadda ya kamata.

"Maza sun fara haƙa ramin gashin nama," in ji Miliana. "An kama alade. Mata suna ta shimfiɗa tabarmi. Nana Torika, ba ki ga Nana ba! Tun da ta ji kina ƙasar ta ce a tashe ta zaune. Ta sha romo, rabon da wani abu ya shiga cikinta har na manta. Ta ce a sa mata farar rigarta ta coci, a kwantar da ita a bakin ƙofa inda za ta riƙa ganin hanya. Yaushe za ku iso? Gobe?"

Na kalli Torika, ta kalle ni. Na yi mata alama da hannu, faɗi gaskiya, faɗi! Karen yana kwance a kan ƙafarta.

"Ta sha romo, kika ce?"

"Kwano guda!"

Torika ta rufe ido. "Ki ce mata ta jira ni."

Tana kashewa ta kira ɗanta. A gabana aka yi, na ji komai. Ban taɓa jin ta roƙi mutum haka ba.

"Netani, sun sani. Suna zaton ina tare da ku. Ka samo mini jirgi yau, in iso gobe, mu shiga tare. Ba wanda zai san komai."

"Kai! Lanieta ta ja mana. Nana, lokacin Ista ne, jirage duk a cike suke."

"To kai ka je. Ka ɗauki yarinyar nan ka kai mata ta shafa kanta. Ko awa ɗaya ce."

"In je da me? Da gajeren wando da takalmin soso? Sun kama alade, Nana! In shiga hannu rabbana in zama abin labari har jikokina? Kuma in sun ce ina kike in ce me?"

"Ka ce musu gaskiya."

"Bari in yi tunani. Zan kira ki."

Tunanin da ya yi shi ne, washegari da sassafe ya kwashi iyalinsa suka bar otal ɗin, suka hau kwale-kwale zuwa wani ƙaramin tsibiri. Ya turo saƙo wai dama yana cikin tsarin tafiyar, an riga an biya, kuma waya ba ta kamawa sosai a can. Tir!

Laraba Miliana ta hau tudu. An buɗe ramin gashi, abinci ya huce, yara sun tsaya a hanya da furanni har sun gaji. Torika ta ce mata an ɗan sami tangarɗa ne. Alhamis ta sake hawa, muryarta ta sauya. Ta ce uwarta ta ƙi yarda a mayar da ita ciki, duk motar da ta ji sai ta ɗaga kai. Ta daina shan romon. Na fizge wayar zan faɗi abin da ke bakina, Torika ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta yi ta kiran Netani, waya tana shiga ba a ɗauka. Na kai ta ofishin masu sayar da tikiti da kaina, na ce wannan karon ko ta yarda ko kada ta yarda. Yarinyar wurin ta duba ta ce akwai wuri ranar Asabar. Torika ta ce to, a kama mata.

Unaisi ba ta kai Asabar ba. Ranar Juma'a da rana tsaka ta cika, a bakin ƙofa, cikin farar rigarta.

Yanzu ku ji ikon Allah. Wayar da ba ta kamawa a tsibiri sai ga ta ta kama. Jiragen da suke cike sai ga wuri ya samu a ranar, har da mota ta zo ɗaukar Torika daga ƙofar gida. Hawan jini ya warke. Ɓarayi sun tuba. Biskit kuwa aka miƙo mini shi ta saman shinge, kuma ya ci abinci a hannuna har yana lashe kwano. Netani ya tare ta a Nadi da babbar mota shaƙe da kananzir da yadi da tabarmi da buhuna, har da saniya, don zuwa gaisuwar mutuwa ba a yin sa a ɓoye, idon kowa yana kanka. Abin da ya kashe wa gawa ya ninka abin da zai kashe wa mai rai. Aka ce dattawa sun yi jawabi sun yaba masa, ɗa na gari wanda bai manta gida ba.

Ku da kuke zaune yanzu kuna jan hotunan otal da yatsa, kuna gardamar Bali ko Japan, ban ce kada ku huta ba. Kun gaji, na sani. Amma ku ɗaga kai ku dubi wadda ke tsaye da ludayi a bayanku. Ita ma tana da inda take son zuwa, kuma nata ba ya jiran rangwame.

Sun dawo ana gobe za a koma makaranta, don dole a sami mai kai yara. Da ta raka su ta dawo sai ta shigo kicin ɗina ta zauna. Ta rame, wuyanta duk ya fito. Na haɗa mata shayi, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Kin gaya musu?" na tambaye ta.

Ta girgiza kai. Ta ce bayan an rufe kabari Miliana ta ja ta gefe, ba faɗa ba zagi, ta ce, "Nana Torika, kina nan kusa, me ya hana ki zuwa?" Netani yana tsaye a wurin, kafaɗarsa tana gogar tata, yana kallon ƙasa.

"Na jira ya yi magana, Akosita. Na jira. Da na ga ba zai yi ba, sai na ce mata ƙafata ce ta kumbura."

"Kika ɗauki laifinsa kika ɗora wa kanki? Haba Torika! Yanzu duk ƙauye suna ganin ke ce kika ƙi zuwa!"

"Su gani. Mutanen ƙauye suna da rai, wata rana za su iya jin gaskiya." Ta ajiye kofin a hankali. "Na tambayi Miliana ko ta bar mini magana. Ta ce da safiyar ranar ta ce a juyar da ita, ta gaji da kallon hanya. Ta ce, ƙila Torika ta zama 'yar birni, tana ƙyamar warin ƙafata."

Torika ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe.

"Mutuwa ta kowa ce, ba ita ke cina ba. Ta tafi tana zaton ina kusa na ƙi ta. Ki gaya mini, Akosita, wa zan aika ya ce mata ina nan Logan?"